Yadda Ake Bibiyar Halin da Rana Take Ciki da Hasashen Guguwar Maganaɗisu

Duk wanda ya daɗe yana sauraron rediyo a gajeren zango ya san lokacin da zai kunna akwatinsa da azahar ya tarar tashoshin nesa sun yi tsit, sai shuuu kawai ke tashi, alhali jiya war haka muryoyin suna fita tangaran. Yawanci akan ɗora laifin a kan batir ko eriya, amma sau da yawa ranar da ke bisa kanmu ce ta jawo. Rana takan yi walƙiya, takan yi aman iska mai zafi da ke ɗauke da maganaɗisu, kuma idan waɗannan suka iso duniya sukan dagula rediyo, su rikita na'urorin GPS, su wahalar da taurarin ɗan'adam, wani lokaci har su ƙona taransifoma. A ranar 13 ga Maris 1989 irin wannan guguwa ta jefa lardin Kwebek na Kanada cikin duhu na kimanin awa tara. Bayanan da masana ke aiki da su a buɗe suke kyauta a intanet, kuma mai wayar hannu da littafin rubutu zai iya koyon karanta su cikin 'yan makonni, in ya bi aikin daki-daki.

Kafin komai, raba abubuwa uku a ranka

Mafi yawan ruɗanin masu farawa daga haɗa abubuwa uku wuri guda yake fitowa, alhali kowannensu da saurin tafiyarsa. Tsakaninmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150. Na farko shi ne hasken walƙiyar rana, wanda yake ratsa wannan tazara cikin minti 8 da daƙiƙa 20, saboda haka a lokacin da na'ura ta ga walƙiyar, illarta ta riga ta sauka a kan rediyo, ba wani gargaɗi da zai riga ta. Na biyu su ne ƙwayoyin furoton, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu caji da tsananin ƙarfi da rana ke harbowa, waɗanda kan iso cikin mintuna ko sa'o'i kaɗan, kuma sun fi damun taurarin ɗan'adam da jiragen saman da ke bi ta ƙuryar arewacin duniya. Na uku shi ne aman rana, wato curin iska mai maganaɗisu da a shafukan masana za ka ga an rubuta shi CME. Shi yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya, kuma shi ne ke haddasa manyan guguwowin maganaɗisu. Hasashe na gaske a kan na ukun nan yake.

Hukumar NOAA ta Amurka ta ba kowanne ma'auninsa daga 1 zuwa 5: harafin R na ɗaukewar rediyo, S na ƙwayoyin furoton, G na guguwar maganaɗisu.

Mataki na farko: tanadi wuraren dubawa da littafin rubutu

Wuraren da za ka dogara da su ba su da yawa. Cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta NOAA da ke Boulder a jihar Kolorado, wadda ake taƙaita sunanta SWPC, ita ce babbar madogara, domin tana fitar da hasashen kwana uku sau biyu a kullum da kuma hangen kwana 27 a kowane mako. Ƙidayar tabon rana tana fitowa daga cibiyar SILSO da ke Brussels a Beljiyam. Hotunan rana kuwa daga taurarin ɗan'adam na SDO da SOHO ake samun su. A nahiyarmu, hukumar SANSA ta Afirka ta Kudu tana da cibiya a Hermanus da ke aiki dare da rana. Duk waɗannan da agogon UTC, wato agogon GMT, suke rubuta lokaci, don haka mutumin Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi zai ƙara awa ɗaya, mutumin Sudan awa biyu, mutumin Gana kuwa ba ya ƙara komai.

Sai ka sami littafi ka ja masa layuka: kwanan wata, yawan tabo, adadin F10.7, walƙiya mafi girma ta yinin, gudun iskar rana (iska mai caji da kullum ke kwararowa daga rana), Bz mafi ƙanƙanta, Kp mafi girma, da kuma fili mai faɗi na abin da kai da kanka ka ji a rediyo ko ka gani a GPS. Bayanin waɗannan lambobi yana nan tafe a matakan gaba. A ganina wannan littafin ya fi kowace manhaja amfani, kuma dalilin zai bayyana idan muka zo kan maimaituwar kwana 27. Ka zaɓi lokaci ɗaya da za ka riƙa cike shi, misali bayan sallar asuba ko bayan isha'i, minti goma sun isa.

Mataki na biyu: san inda ake a zagayen rana

Ƙarfin rana yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara 11, abin da Bajamushe Heinrich Schwabe ya gano a 1843 bayan shekaru yana ƙirga tabo. Zagaye na 25 ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 hukumomin NASA da NOAA suka sanar cewa ya shiga ganiyarsa. Lambobi biyu ne ke nuna maka matsayin da ake ciki. Yawan tabo ana lissafa shi ne ta ninka adadin rukunonin tabo sau goma a haɗa da adadin ɗaiɗaikun tabon, shi ya sa tabo guda tak yake ba da 11. Adadin F10.7 kuwa ƙarfin sautin rediyon da rana ke fitarwa ne a zangon santimita 10.7, wanda ake aunawa a Kanada tun 1947, yanzu a Penticton. Idan rana ta lafa yakan sauka wajen 70, idan ta tashi yakan haura 200. Ga mai rediyo, adadin da ya haura 150 yana nufin manyan mitoci kamar mita 13 da mita 16 za su buɗe sosai da rana, in kuma ya yi ƙasa sai a koma mita 19 da 25 da 31.

Mataki na uku: dubi fuskar rana

Buɗe hoton SDO na farin haske, inda tabon ke fitowa baƙi-baƙi. Tabon wurare ne da maganaɗisu ya taru ya hana zafi fitowa daga ciki, shi ya sa suka fi kewayensu sanyi. A hotunan, gabas tana hagu, yamma tana dama, kuma tabo yakan ɓullo daga gefen hagu ya ratsa zuwa dama cikin kimanin mako biyu. NOAA tana ba kowane rukuni lamba, tana kuma bayyana tsarin maganaɗisunsa da haruffan Girka. Rukunin da aka kira alfa ko beta ba kasafai yake yin wani abin a zo a gani ba. Wanda ya kai beta-gama ya fara cakuɗewa. Wanda aka rubuta masa beta-gama-delta shi ne abin sa wa ido, domin a cikinsa maganaɗisu mai kishiyantar juna ya matsu wuri guda, kuma daga irinsa manyan walƙiyoyi suke fitowa. Girman tabo yana da muhimmanci, amma cakuɗewarsa da saurin girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu sun fi faɗin gaskiya. Rukuni mai lamba 3664, wanda ya haifar da guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024, irin wannan ne.

Daga nan ka koma hoton SDO mai lamba 193, inda za ka nemi manyan filaye masu duhu. Waɗannan su ne ramukan korona (korona ita ce iska mai zafi da ta lulluɓe rana daga waje), wuraren da maganaɗisun rana ya buɗe har iska mai gudu take kwararowa waje. Idan irin wannan rami ya zo tsakiyar fuskar rana, ka ƙirga kwana biyu zuwa huɗu, iskarsa za ta iso mu.

A nan dole in ja kunne. Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe sama, rana takan zama kamar faifai fari da yamma har mutum ya ga kamar zai iya ƙura mata ido, wani lokaci ma babban tabo yakan bayyana. Kada ka yi haka, kada kuma ka bari yara su yi. Hazo yana rage hasken da ido ke gani, amma ba ya tare duk abin da ke ƙona ido, kuma ƙunar ba ta zafi a lokacin da take aukuwa. Baƙin tabarau, gilashin da aka shafa wa hayaƙi da tsohon fim duk ba kariya ba ne. In kana son ganin tabo da kanka, ka ɗaure madubin hangen nesa a kan wani abu, ka rufe ido ɗaya nasa, ka bar hasken ya faɗa kan farar takarda a bayansa, ka kalli takardar kawai.

Mataki na huɗu: karanta layin walƙiya

Taurarin ɗan'adam na GOES suna auna hasken eksire da ke fitowa daga rana, kuma SWPC tana nuna shi a zanen layi mai hawa da sauka. Ajin walƙiya biyar ne, A, B, C, M da X, kowanne ya ninka na ƙasansa sau goma. Walƙiyar M1 ita ce R1, M5 ita ce R2, X1 ita ce R3, X10 ita ce R4, X20 kuma R5. Abin da walƙiya ke yi shi ne ta cika ƙasan rufin sama mai caji, wanda ake kira ayonosfiya, da ƙarin caji, sai wannan ɓangaren ya shanye sautin gajeren zango maimakon ya bar shi ya wuce sama ya dawo. Wannan yana faruwa ne a ɓangaren duniyar da ke cikin hasken rana kaɗai, kuma ya fi tsanani inda rana take tsaye a ka, abin da ya sa ƙasashenmu suke shan sa sosai idan walƙiyar ta zo tsakanin hantsi da la'asar. Ƙananan mitoci ne ke fara mutuwa kuma su ne na ƙarshen farfaɗowa, don haka in tasha ta ɗauke, ka haura zuwa mita 16 ko 13 ka gwada. Taswirar D-RAP ta SWPC tana nuna inda abin ya shafa a daidai wannan lokaci.

Kada ka tsaya kan tsayin layin kawai, ka dubi siffarsa. Walƙiyar da ta tashi tsaye ta faɗo cikin mintuna sau da yawa ba ta zuwa da aman rana, amma wadda ta hau ta ɗauki sa'o'i tana saukowa a hankali yawanci da shi take tafe. Ka kuma lura da inda ta fito: ta tsakiyar fuskar rana ita ce ke iya turo aman kai tsaye zuwa gare mu, ta gefen yamma kuwa ita ce ta fi aiko da furoton.

Mataki na biyar: nemo aman rana ka ƙiyasta isowarsa

Bayan babbar walƙiya, ka jira sa'o'i kaɗan ka buɗe hotunan LASCO na tauraron SOHO, wato C2 da C3. Na'urar tana rufe fuskar rana da faifai domin a ga abin da ke fita daga gefenta. In ka ga farin gajimare ya fita ta gefe ɗaya kawai, mai yiwuwa zai wuce mu. In kuwa ya bazu ya kewaye faifan gaba ɗaya kamar lokacin da wata ya yi sansani, to ko dai yana nufo mu ne ko yana tafiya ta bayan rana, kuma abin da zai raba gardama shi ne ko an ga walƙiya a fuskar da ke kallonmu a daidai lokacin.

Lissafin farko mai sauƙi ne: raba kilomita miliyan 150 da gudun aman. Mai gudun kilomita 1,000 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa 42, mai gudun 500 kuwa kwana uku da rabi. Sai dai mai gudu sosai yakan rage sauri a hanya saboda iskar da ke gabansa, don haka ka ƙara wa lissafinka 'yan sa'o'i. Aman da ya biyo walƙiyar da masanin taurari ɗan Ingila Richard Carrington ya gani ranar 1 ga Satumba 1859 ya iso cikin ƙasa da awa 18, kuma irin wannan ba a cika samun sa ba. Ka gwada lissafinka da abin da manhajar WSA-Enlil ta nuna a shafin SWPC, amma ka sani ko ƙwararru sukan kuskure lokacin isowa da kusan rabin yini, don haka ka rubuta tazara a littafinka, kamar "daga daren Talata zuwa azahar ɗin Laraba".

Mataki na shida: sa ido kan iskar rana

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne bukatar natsuwa. A wani wuri da ake kira L1, kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, akwai taurarin da ke ɗanɗana iskar kafin ta iso mu, irin su ACE da aka harba a 1997. A lokacin kwanciyar hankali gudun iskar yakan kasance wajen kilomita 400 a daƙiƙa, jimillar ƙarfin maganaɗisunta da ake rubutawa Bt kuma wajen nanotesla 5 (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Isowar aman rana ba ta ɓuya, domin gudu da kaurin iskar da Bt duk sukan yi tsalle lokaci guda kamar an buga ƙofa. Iskar ramin korona kuwa a hankali take shigowa: kauri ya fara hawa, Bt ya bi, sannan gudu ya haura zuwa 600 ko 700.

Lambar da ke yanke hukunci ita ce Bz, wadda ke nuna ko maganaɗisun iskar yana fuskantar arewa ko kudu. Idan tana sama da sifiri, garkuwar maganaɗisun duniya takan ture mafi yawan ƙarfin, ko da aman ya zo da gudu. Idan ta faɗa ƙasa da sifiri, maganaɗisun biyu sukan haɗe, ƙarfin ya kwararo ciki. Bz da ta zauna a ƙasa da -10 na tsawon awa uku ko fiye tana kawo guguwa mai ƙarfi, kuma daɗewar tana da nauyi kamar zurfin. Abin da ke ɗaure hannun masu hasashe shi ne ba a iya sanin Bz ta aman rana da tabbaci sai ya iso L1, daga nan kuma saura minti 50 in gudunsa 500 ne, ko rabin awa in ya kai 800. Shi ya sa SWPC take bambanta sanarwar a zauna cikin shiri, wadda kan fito kwana ɗaya zuwa uku kafin lokaci, da gargaɗin da ke fitowa idan abin ya kusa, da kuma sanarwar cewa ya riga ya auku.

Mataki na bakwai: auna abin da ya sauka a ƙasa

Ma'aunin Kp, wanda ke nuna yadda maganaɗisun duniya ya girgiza kuma Bajamushe Julius Bartels ya ƙirƙiro a 1949, yana tafiya daga 0 zuwa 9, ana fitar da shi duk bayan awa uku daga tashoshi 13, kuma cibiyar GFZ da ke Potsdam a Jamus ce ke tabbatar da shi. Kp 5 ita ce G1, a haka har Kp 9 da ke daidai da G5. Guguwar Mayu 2024 ita ce G5 ta farko tun Oktoba 2003. Kada ka raina ƙananan: a Fabrairu 2022 ƙaramar guguwa ta kumbura iskar saman duniya har kamfanin SpaceX ya rasa 38 daga cikin taurarin Starlink 49 da ya harba.

Sai dai tashoshin Kp duk suna nesa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, saboda haka ka haɗa da ma'aunin Dst da ake fitarwa daga Kyoto a Japan, wanda tashoshinsa huɗu sun fi kusa da wannan layi, kamar yankinmu. Dst ta -50 matsakaiciyar guguwa ce, -100 mai ƙarfi, ta 1989 kuwa ta kai -589.

Mu ba hasken da kan cika sararin ƙuryar arewacin duniya lokacin guguwa muke jira ba, namu daban ne. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta arewacin Najeriya, kuma a yankin da ke kewaye da wannan layi ayonosfiya takan yi kumfa-kumfa bayan faɗuwar rana, daga magariba zuwa tsakar dare, musamman wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, a shekarun da rana take da ƙarfi. Saƙon tauraron ɗan'adam da ya ratsa ta cikin kumfar yakan yi rawa, GPS ya kauce ko ya saki taurarinsa. Wannan kan faru ko da Kp tana ƙasa, kuma guguwa tana iya tsananta shi ko ta danne shi, gwargwadon lokacin da ta sauka. Don haka mai aikin safiyo da ke bukatar awo na santimita ya fi dacewa ya gama aikinsa da safe, ya guji bayan magariba a waɗannan watanni.

Mataki na takwas: rubuta hasashenka

Bayan wata guda kana cike littafi, ka fara gwada kanka. Ga wanda ke kallo daga duniya, rana tana kammala juyi cikin kimanin kwana 27, kuma ramin korona yakan rayu watanni, saboda haka in ka ga Kp ta tashi yau saboda iskar wani rami, ka ƙirga kwana 27 ka yi alama. Wannan dabara ta fi aiki a shekarun da zagaye ke gangarowa daga ganiyarsa, lokacin da ramukan suka fi girma da daɗewa. Ka ƙara nauyi kaɗan ga hasashen guguwa a Maris da Satumba, domin a lokacin ne maganaɗisun duniya ya fi saurin haɗewa da na iskar rana.

Kowane dare ka rubuta layi uku game da gobe, kafin ka buɗe hasashen SWPC. Na farko kan walƙiya: in babu rukuni mai delta kuma layin eksire yana zaune a ajin B, ka rubuta cewa M ba ta da alama, in kuwa layin ya zauna a tsakiyar C kuma wani rukuni ya yi M jiya, ka sa ran wata. Na biyu kan Kp mafi girma da kake tsammani, bisa abin da ya faru kwana 27 baya, da ramin da ya ratsa tsakiya kwana uku da suka wuce, da duk wani aman da ke hanya. Na uku kan mitar da kake ganin za ta fi kamawa da azahar da kuma da dare. Ka faɗi kowanne da kaso cikin ɗari, kamar yadda cibiyoyin suke yi, domin "kashi 30" ana iya auna shi daga baya, "wataƙila" kuwa ba a iyawa. Sannan ka buɗe nasu ka rubuta shi a gefen naka, washegari ka cike abin da ya auku da jan biro, ka ja layi ƙarƙashin duk inda ku biyun kuka saɓa, ka koma kan hotuna da layukan wannan yini ka nemo abin da ɗayanku ya gani wanda ɗayan bai gani ba.